Gurbin Bakin Ƙofa

Kwanakin baya na ji ɗayanku, ku sababbin ma'aikata, yana gaya wa abokinsa a waya cewa ya samu aiki a Dubai, kuma aikin ba wani abu ba ne, zuba kwalaye ne a akwatin ƙarfe a rufe. Ban ga laifinsa ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da na zo. Sunana Iro, yanzu kowa Baba Iro yake ce mini, kuma a bakin kwantena gashin kaina ya yi fari. Bari in ba ku labarin sana'ar nan yadda na same ta, ko kwa rage raina ta.

Wanda ya koya mini aiki Malam Tanimu ne, Allah ya jiƙansa, mutumin Fagge, wanda ya fara da lodin manyan motoci a Kano kafin maigidanmu Alhaji Sabo ya kawo shi nan. Ran da na fara zuwa sitonmu da ke bayan gari, bai ba ni ko kwali ɗaya na ɗauka ba. Cewa ya yi in shiga wata kwantena da babu komai a cikinta, ya ja ƙofa ya rufe ni. Zafi kamar tanda, duhu ko tafin hannuna ba na gani, har na fara tunanin ko wani laifi na yi wa tsohon ban sani ba. Da ya buɗe ya tambaye ni me na gani, na ce ban ga komai ba. Ya ce madalla, wannan kwantena ta yi. Da na hango haske, ko kamar tsinin allura ne, da mayar da ita za mu yi, don inda haske ya shiga ruwan teku ma zai shiga. Daga nan ya sa na sunsuna bango, na tattaka daɓen daga ƙurya har baki. Kwantenar da ta taɓa ɗaukar kifi ba a zuba mata shadda. Har yau ba na loda wadda ban shiga an rufe ni a ciki ba, duk da gwiwoyina sun fara yi mini tsegumi.

Kayan aikinmu aljihu biyu ya ɗauke su: tef ɗin awo, baƙar maka ta rubutu a jikin kwali, wuƙar yanka kwali, tocila, sai salatef da igiya a hannu. Motar ɗaga kaya da sikeli na sito ne, duk wanda ya sa kai zai koya. Abin da ba a saya a kanti shi ne kunne. Malam Tanimu ba ya wuce kwali bai ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ba. Idan ya ji sauti a dunƙule sai ya wuce, idan ya ji ya amsa kamar ganga sai ya tsaya ya ɓata rai, ya kira mai kayan ya ce a sake ɗauri. Ba abin da ya tsana kamar a yi wa iska lodi. Yakan ce ya daɗe yana aika kaya Kano, bai taɓa jin wanda ya je tasha karɓar iska ba.

Yawancin kwantenarmu ta haɗaka ce, wato 'yan kasuwa da yawa a ciki guda. Wannan na da dilolin leshi da ya saya a Bur Dubai, wancan na da takalma, wani kayan wuta, wata hajiya kuma akwatunan lefe da kwanukan abinci. Aikinka shi ne ka zaunar da su lafiya da juna har su isa. Na taɓa ganin lodin da wani sito ya yi, aka jera kwalayen turare kusa da buhunan ganyen shayi. Da kaya suka isa Kano, duk wanda ya sha shayin nan sai ya ji kamar ya lashi kwalbar amarya, mai kayan kuwa bai sake komawa wajensu ba. Yadi ba a jingina shi da bango, don ƙarfe yana gumi a teku. Mai ƙarfi shi ne a ƙasa, mai rauni a sama, saboda duk nauyin da ka ɗora, kan na ƙasa yake sauka. Kuma ko wuri ya ƙure maka yaya, ba ka cusa kayan wani a cikin kayan wani sai mai shi ya sani ya yarda. Malam Tanimu ya taɓa korar ma'aikaci a kan wannan, alhali safa ce kawai mutumin ya tura cikin tukunyar wata hajiya.

Akwai kuma abin da muke kira gurbin bakin ƙofa. Idan lodi ya zo ƙarshe, Malam Tanimu yakan bar ɗan wuri daf da ƙofa, zurfinsa bai fi kamu guda ba, kuma ya hana a sayar da shi. Na waɗanda ba 'yan kasuwa ba ne: direbobi, masu gadi, ɗalibai, matan da ke aiki a asibitoci da gidaje. Sharaɗinsa ɗaya ne, abin da za ka iya riƙewa ka hau abra da shi, ɗan kwalekwalen nan da ke tsallakar da mutane ruwan tsakiyar gari, ba tare da an kama maka ba. Ba a ɗora shi a sikeli, ba a karɓar ko sisi. Da na tambaye shi dalili, ya ce a Kano babu motar da take tashi zuwa ƙauye ba ta ɗauki saƙon wani ba, kuma bai taɓa jin direban kirki ya caji saƙo ba. A ganinsa kwantena ma mota ce, iyo kawai ta koya. Alhaji Sabo ya yi 'yan gunaguninsa da farko, daga baya ya ƙyale. Ta gurbin nan barguna suka wuce, da takalman makaranta, da dabino, da keken ɗinki da aka kwance. Bargon da na fara aika wa mahaifiyata ma ta nan ya bi. Da Malam Tanimu ya tsufa zai koma gida, tef ɗinsa ya ba ni, ya ce in kula da ƙofa.

Cikin masu kawo saƙo akwai Hajara, 'yar wani ƙauye a gefen Haɗejiya, tana aikin wanki da guga a wani asibiti a tsallake. Ranar hutunta takan hau abra ta zo ofishinmu na Al Ras da 'yar ledarta, zane ne ko man shafawa ko takalmin roba, kullum dai na mahaifiyarta ne, wadda take kira Iya. Idan wani ya zo daga gida ya kawo mata ƙuli-ƙuli, sai ta raba biyu ta kawo mini rabi, ko da na sha gaya mata haƙorana sun yi ritaya. Baba take ce mini, ni kuma ina jin daɗin hakan, don 'ya'yana suna nesa.

Cikin manyan masu kaya kuma akwai Alhaji Garba, mai shagon kayan sanyi a Sabon Garin Kano, firiza da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Muryarsa takan riga shi shigowa. Yana sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, ba don ba shi da halin babba ba, sai don a cewarsa barci ɗaya ne. Mutum ne da zai yi ciniki a kan kofin shayi, amma ban taɓa loda masa kaya ya bar ma'aikata da yunwa ba. Azahar na yi za ka ga tiren shinkafa ya iso, shi kuma yana tsaye a kanmu yana faɗan mun cika ci.

Sai shekarar da ba na mantawa ta zo, shekarar da ruwan sama ya sauka a garin nan irin wanda tsofaffin mazauna suka ce ba su taɓa gani ba. Ruwa ya shiga sito har ƙwauri. Muka yini muna ɗaga kaya kan katako, kwalayen ƙasa suka jiƙe suka narke a hannunmu kamar burodi a shayi. Ba mu gama farfaɗowa ba, damina ta faɗi a gida da nata ambaliyar. Ɗakin ƙasar da Iyar Hajara take ciki ya zube, Allah ya sa ta fita da ranta. Dangi suka haɗu suka kafa mata ɗaki na kwano, bango kwano, rufi kwano. A shekarar nan dai kuɗin jirgi ya yi ta hawa, jikin Alhaji Sabo kuma ya ƙi, ɗansa Mubarak ya karɓi ofis. Yaro ne mai ladabi da karatu, a gabana ya girma, kuma ya karɓi kamfanin ne a lokacin da ko ubansa ma da sai ya yi gumi.

Mubarak ne ya fara yi mini bayanin abin da mutanenmu suka laƙaba wa suna kuɗin hayaƙi. Ya ce jirgin da ke ɗaukar kayanmu yana tsayawa a wata tashar Turai a sauya kaya kafin a gangaro Afirka ta Yamma, ƙasashen can kuma sun sa haraji a kan hayaƙin da jirage ke fitarwa, wai don a rage ɗumamar duniya. Kamfanin jirgi ya biya, ya juyo ya ɗora wa kowace kwantena nata kaso. Ya ce ana ma ta muhawara a kan a yi irinsa na duniya baki ɗaya, wasu ƙasashe na so, wasu sun kafe. Na ce masa ni dai na san hayaƙin murhu da na janareto, ban san har na teku yana da mai karɓar haraji ba.

Akwai wani mai shayin karak a lungun da ke bayan ofis, inda 'yan kasuwa ke zama bayan la'asar. Tun da maganar nan ta fito, teburin ya koma majalisa. Alhaji Garba ne shugaban masu adawa. Cewa yake Turawa sun yi shekaru aru-aru suna turnuƙe sama da hayaƙin masana'antunsu har suka yi arziki, yanzu da talaka ya samu ya sayi firiza ya sha ruwan sanyi, sai aka tuna sama tana da mai ita. Wani Alhaji Musa, mutumin Maraɗi mai fataucin tayoyi, ya ce shi ba biyan ne ya dame shi ba, inda kuɗin ke zuwa ne. Da zai ga an dasa itace ko an haƙa rijiya a garinsu da su, da hannu biyu zai miƙa, amma ya san a baitulmalin wasu za su kwana. Wasu suka ce ai kamfanonin jirgi ne suka samu sabon suna da za su ƙara farashi da shi. Wasu kuma, da an ce haraji a kan mai, sai su tuna yadda cire tallafi ya gigita gidajensu, su ce duk ɗan siyasar da ya kawo irin wannan magana gida ya nemi ƙuri'arsa a wani wuri. Mubarak kaɗai ke cewa a yi adalci, ruwan da ya ci sitonmu da wanda ya ci ƙauyuka ba daga banza ya zo ba, kuma abin da ba a biya ba a tattalinsa. Sai a taso masa a ce boko ya cinye shi, ya yi dariya ya biya kuɗin shayin kowa.

Ni ban cika sa baki ba, amma ina da ra'ayina. Maganar Mubarak ta ƙarshe gaskiya ce, na gani da idona. Lokacin da wuri yake da araha, 'yan kasuwa rabin kwali suke cikawa su ɗaure, da ya yi tsada kowa ya koyi ɗauri. Sai dai abin da na sani a lodi shi ne nauyi ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, gangarawa yake har sai ya sami na ƙasa. Shi ya sa muke duba wanda za mu sa a ƙasan kafin mu ɗora komai. Waɗanda suka tsara harajin nan ban sani ba ko sun duba.

Ba a daɗe ba nauyin ya gangaro har bakin ƙofata. Masu kaya suka tafi wajen Mubarak, Alhaji Garba a gaba, suka ce tunda yanzu kowane taku na kwantena yana ɗauke da kuɗin hayaƙi, ba za su riƙa biya wa kayan da ba nasu ba. Ko a sayar da gurbin a rage musu, ko su koma wani kamfani. Mubarak ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya ma rasa ta inda zai fara. Ya ce, "Baba Iro, na san amanar Malam Tanimu ce. Amma idan mutanen nan suka tafi, babu kwantenar ma balle ƙofarta." Na duba na ga ba ƙarya ya yi ba. Na ce masa Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Na fito raina a ɓace, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

A makon da za mu yi lodin farko babu gurbi, sai ga Hajara ta shigo ofis, ba da leda ba wannan karon. Kwali ne a rungume a ƙirjinta, da wani faffaɗan abu a naɗe cikin tsohon bargo a hammata. Fanka ce mai aiki da hasken rana da ɗan farantin solarta. Ta ce tun da aka sa Iya a ɗakin kwano ba ta iya zama a ciki da rana, ga ƙauyen babu wuta, ga itacen da take fakewa a ƙarƙashinsa ruwa ya tafi da shi. Bazara kuma na tafe. Ta daɗe tana tarawa kafin ta saya, kuma da kanta ta hau abra da su, ba wanda ya kama mata, ta nanata mini wannan don ta san sharaɗi. Batir ne kawai ba ta saya ba, don na taɓa gaya mata ba a sa batir a saƙo, sai dai ƙaninta ya saya a Kano.

Na gaya mata abin da ya faru. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Ta tambayi abin da za a caje ta idan ta biya kamar kowa, da Mubarak ya faɗa mata sai ta gyara riƙon kwalin. Ta ce ba komai Baba, za ta ajiye a ƙarƙashin gado zuwa wani lokaci. Ni kuwa na san idan kwantenar nan ta tafi babu fankar, ta gaba ba za ta isa ba sai zafi ya gama abin da zai yi. Na ce ta bar kayan a wajena, ban yi mata alkawarin komai ba.

Washegari a sito ina zagaya kayan da za mu loda, ina ƙwanƙwasawa yadda na saba, ba don ina neman wani abu ba. Na zo kan layin firizojin Alhaji Garba, sababbi dal a kwalayensu, irin dogayen nan masu murfi a sama. Na ƙwanƙwasa ɗaya, ta amsa mini kamar ganga. Shekara da shekaru ina loda firiza, na san cikinta iska ce, amma ban taɓa kawo komai a raina ba, saboda sabuwar firiza ba a buɗe ta. Mai saye a Sabon Gari idan ya ga an taɓa kwali, cewa zai yi tsohuwa ce aka sauya wa riga, dole a karya masa farashi. Na auna da tef ɗin Malam Tanimu, na ga farantin zai kwanta a ciki har da sauran wuri. Abokan aikina suka ce in yanka ta ƙasa in mayar da salatef, wa zai sani? Na ce su rufa mini asiri, a kan safa aka kori mutum a sito nan.

Bayan azahar na sami Alhaji Garba a otal ɗinsa, yana zaune a ƙasa kan darduma yana cin gurasa da miyar wake. Muka gaisa, ya ce in sa hannu. Ya ɗauka maganar gurbi na zo tayarwa, ya fara ɗaure fuska tun ban buɗe baki ba. Na ce ba ita ba ce, an gama wannan. Na ba shi labarin Iya da ɗakin kwano, na ce aron cikin firiza ɗaya na zo yi.

Ya ce, "Malam Iro, ka san abin da kake tambaya? Ka buɗe mini kwali, wa zai saye ta a kuɗinta?"

Na ce na sani, shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko ba. Na ce, "Alhaji, iskar da ke cikin firizar nan ka riga ka biya mata kuɗin hayaƙi, ko da fanka ko babu. Kuma kullum a wajen mai shayi kai ne kake cewa wanda bai yi hayaƙi ba bai kamata a ɗora masa ba. Tsohuwar nan ko keke ba ta da shi."

Ya daina tauna. Ya dube ni har na fara tunanin na yi wa kamfani asarar babban mai kaya. Sai ya ce wato da bakinsa zan kama shi. Na ce ni ban kama kowa ba, aro na zo nema, idan ya hana ba zan ga laifinsa ba. Ya tambayi shekarun tsohuwar, na ce ban sani ba, amma ta girme mu duka. Ya ce tasa mahaifiyar a ɗakin kwano ta ƙare rayuwarta, kafin Allah ya buɗa masa. Ya ture kwanon gefe ya ce, "Khalas, shi ke nan, buɗe guda ɗaya. Dama Hajiya uwargidana ta dame ni a kan firizar gida ta tsufa, sai in kai mata ita. Amma ka naɗe da kyau, idan na ga ƙarzane ɗaya ni da kai ne. Kuma kada ka gaya wa 'yan shayin nan."

Ban gaya musu ba a lokacin. Yanzu kuwa shi da kansa yake ba da labarin, har da ƙari.

Na koma na sanar da Mubarak, don kayan da ba a rubuta ba sunansa fasa-ƙwauri, komai kyan niyyar mai shi. Ya shigar da fankar da farantin cikin takardun kwantena, na ga fuskarsa ta saki kamar an sauke masa dutse. Ranar lodi da hannuna na yanka kwalin ta sama, inda kowa zai gani. Na shimfiɗa bargon Hajara a ƙasan firizar, na kwantar da farantin, na tokare kusurwoyinsa da soso, na zaunar da fankar a gefe na cike tsakaninsu da kwali mai laushi har ba abin da ke motsi. Da na ga akwai sauran wuri, na sake kiran Alhaji a waya, ya ce in daina damunsa in cika. Takalman makarantar 'ya'yan wani direba suka shiga, da zannuwan wata mai aikin gida. Na rufe murfi, na ƙwanƙwasa, sauti ya fito a dunƙule.

Bazara ta fara kamawa a gida lokacin da Hajara ta sake zuwa Al Ras. Ta same mu a wajen mai shayi, Alhaji Garba ya dawo sari, yana tsakiyar zagin harajin nan kamar yadda ya saba. Ta tsaya daga nesa har sai da na taso, ta ce Iya ta aiko da saƙon murya. Na ja Alhaji gefe, ta kunna mana. Abin da muka fara ji wani ɗan gurnani ne a hankali, ashe fankar ce ke juyawa. Sai muryar tsohuwa, a shaƙe amma da fara'a. Ta yi wa Hajara addu'a, ta yi wa mai lodi, ta yi wa bawan Allah mai firiza, ta ce Allah ya sanyaya masa kabari kamar yadda ya sanyaya mata ɗaki, shi da iyayensa. Ta ce yanzu har maƙwabta ke shigowa hutun rana wajenta. Sai ta yi dariya ta ce an gaya mata a cikin firiza fankar ta yi tafiya, to ai shi ya sa iskarta ta fi ta kowa sanyi.

Alhaji Garba ya juya mana baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyaran nan. Da ya juyo ya ce harajin nan dai zalunci ne, kada wani ya ɗauka ya sauya ra'ayi. Sannan ya ce wa Hajara, "'Yata, sake kunna mini wajen iyayen nan."

Gurbin bakin ƙofa bai dawo ba, kuma har yau idan na zo rufe kwantena na ga kwalayen kasuwa sun cika har baki, sai na ji ba daɗi. Kuɗin hayaƙi ma yana nan, ana ta jayayya a kansa daga manyan zauruka har teburin mai shayi, ban san inda za ta tsaya ba. Amma tun daga lokacin, duk kwantenar da Alhaji Garba ke da kaya a ciki, firiza ɗaya a buɗe take tafiya. Kullum cewa yake Hajiya zai kai wa. Ni dai na ce masa idan gaskiya ne, gidansa ya kusa zama kamfanin ƙanƙara. Alhaji Musa ya ba mu cikin tayoyinsa, wata hajiya ta ba mu cikin akwatunan lefe, kowanne sai da na je na tambaya.

Saboda haka gobe idan mota ta kawo kwantena, wanda ya ce aikin zuba kwali ne shi zan fara rufewa a ciki. Idan ya fito, zan ba shi tef ɗin Malam Tanimu ya riƙe, mu bi layin kaya yana ƙwanƙwasawa. Duk inda ya ji ta amsa, ya tsaya ya tambayi sunan mai kayan, don akwai tsohuwar da ke jiran wurin nan.